Wanda Ya Ɗaure wa Nomau Hannu

An yi wani sarki a wani birni na mahauta da manoma, ana ce masa Sarki Yusha'u, mutum mai son gaskiya da ƙin gaggawa. A zamaninsa Allah ya yi wa Sarkin Dambe rasuwa, aka duba ƙasar kaf ba a ga waɗanda suka cancanci rawanin ba sai mutum biyu.

Na farko Jatau, siririn mahauci mai fasaha, wanda ya san lokacin shiga da lokacin janyewa, abokin karonsa ya yi ta naushin iska har numfashinsa ya ƙare. Na biyu Nomau, wanda Allah ya zuba wa ƙarfi a hannun dama, in naushinsa ya sauka sau ɗaya magana ta ƙare. Tun shekarar da ya karya wa wani saurayi muƙamuƙi, cikin wasa na halal ba da mugunta ba, mutane suka janye jiki daga gare shi. Kowace kaka yakan shiga fili ya zaga da hannu a sama, ba mai fito masa, ya koma gida. Ka ji halin ɗan Adam, jiya suna yi masa kirari, yau in sun hango shi sai su sake hanya. Har 'yan ɓangarensa suka daina zama kusa da shi, alhali kuwa ɗan dambe ba ya ɗaure wa kansa hannu, sai ɗan'uwansa ya naɗa masa zaren ya ƙulle. Nomau da haƙori yake jan nasa.

Sarki ya kira wazirinsa, Haliru, ya ce, "Waziri, ga mas'ala na sa a gabanka. Ƙarfin hannu da gwanintar wasa, wanne ya fi cancantar rawani? Za su kara a gabana, ka duba da idon basira, abin da ka faɗa shi zan zartar."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, jama'a sun riga sun yanke nasu hukuncin, Jatau suke so. Ni dai zan faɗi abin da na gani, ko da bai yi wa kowa daɗi ba."

Ranar karo fili ya cika maƙil, makaɗa suka yi ta taken Jatau, babu wanda ya tuna da na Nomau. Aka shiga turmin farko, wato zagayen farko na karon, Jatau yana kaucewa yana sakar masa naushi a haƙarƙari, Nomau yana kai hannu ba ya samun kowa. Haka aka yi a na biyu. Ana cikin na ƙarshe sai zaren Nomau ya warware, ya sauko yana jan ƙasa, domin ƙullin haƙori ba ya jure gumi.

Bisa al'ada aka tsayar da wasa, aka jira wani daga ɓangarensa ya fito ya ɗaure masa. Nomau ya miƙa hannu wajen mutanensa, wannan ya dubi ƙasa, wancan ya shiga gyaran hula. Wallahi abin da ban tausayi, ƙato kamarsa tsaye tsakiyar fili da hannu a miƙe, ga dubban mutane, amma ba ko ɗaya nasa. In ba a ɗaure ba kuwa an tashi wasa ke nan, rawani ya tafi ga Jatau ba tare da gardama ba. Sarki, wanda shi ma ya san ɗacin cin abinci shi kaɗai a tsakiyar fada, ya kawar da kai.

Sai Jatau ya tako ya ce, "Kawo hannun, yaya." Ya taka bakin zaren da ƙafa, ya naɗa da hagunsa, da yake nasa hannun daman a ɗaure yake, ya ja ya ƙulle tam, irin ƙullin da mutum ke yi wa wanda yake so ya yi nasara. Aka koma wasa. Jatau ya kauce wa naushin farko, ya kauce wa na biyu, na gaba ya same shi a gefen kunne, ya zube a sume, aka ɗauke shi zuwa gida. Ko kalangu ɗaya bai motsa wa Nomau ba.

Sarki ya dubi waziri ya ce, "To, ga ƙarfi ya kayar da fasaha, mene ne hukuncinka?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, nasarar yau ta Nomau ce, halal ɗinsa ce, kuma zalunci ne a tauye masa ita don kawai ba a ƙaunarsa. A umarci makaɗa su buga takensa har ƙofar gari, a ba shi kyautar gwarzo a bainar jama'a. Amma rawani ba ladan naushi ba ne. Aikin Sarkin Dambe shi ne kada a bar kowa ya shiga fili a tauye, Jatau kuwa ya yi wannan aiki tun ba a naɗa shi ba, ya kuma san abin da hannun nan zai yi masa in ya ɗauru. Ƙarfin Nomau bai amfane shi ba sai da gwani ya ɗaure masa shi. A ba kowa abin da ya zama nasa."

Sarki ya yaba da wannan hukunci, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa waziri, ya aika dogari ya kira Nomau. Dogari ya dawo shi kaɗai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na same shi zaune a ƙofar gidan Jatau, hannunsa na nan a ɗaure. Ya ce a gafarta masa, ba zai tashi ba sai Jatau ya farfaɗo, domin wanda ya ƙulla shi ne zai kwance."

Sarki ya ce, "A kai masa makaɗan can, su jira tare da shi. Adalci bai cika ba sai ya isa ga wanda ba shi da kowa."