Ƙwallon Dabinon Tsakiya

Da sunan Allah mai rahama. Malaminmu na unguwar Bulabulin a birnin Yerwa, Allah ya ƙara masa yarda, malami ne na gaske, mai tsantseni, ko akuya ba ya ɗaga wa murya, Barebari ma Sayinna suke ce masa. An ce duk Yerwa ba wanda ya kai shi sanin sarfu, wato yadda ake gina kalma. In zai koyar, ƙwallon dabino uku yake jerawa a kan rairayi, ya ce asali ke nan, sai ya riƙa sa ƙwayar dawa gaba da baya, ya ce ƙari ke nan. Don 'ya'yan Kanawa su gane sai ya kawo da Hausa: karatu, makaranta, makaranci, karantarwa, duk uwarsu ɗaya.

Akwai wata yarinya, a ce Kaltum, zana ɗaya ce tsakanin gidansu da inda Malam ke zama, ta ɓula ta tana leƙe ba wanda ya sani. Shekarar sanƙarau, bayan samun 'yancin kai da kaɗan, ƙanwarta Zainaba ta tashi daga ciwon amma baki ya rufe, wata uku ko a'a ba ta ce ba. Babansu ya ce ran Juma'a motar Bama za ta kai ta ƙauye wurin kaka, ta zauna can, shi ba ya iya kallonta haka.

Sai Kaltum ta ce a ranta, ƙwallayen nan shekara da shekaru suna jin magana, ai dole ta jiƙa su kamar yadda tawada ke shiga allo. Ran Litinin da aka tafi azahar ta zura hannu ta ƙasan zana ta ɗauke na tsakiya, ta wanke shi a ƙoƙo kamar rubutu, ta ɗura wa Zainaba.

Zainaba ba ta ce komai ba. Amma washegari Inno, uwarsu, ta ce, "Ke Kaltum, wake ya dahu?" Kaltum ta tsaya sororo, ta ji sautin amma ba ta san me ake nufi ba. Kalmar dafa ta fita daga kanta, kuma ba ita kaɗai ba, da dahuwa da madafi da dafaffe duk sun bi ta.

"Au, ke ma kurmancin za ki ara? Ɗaya bai ishe ni ba?" in ji Inno.

Ran Laraba ɗinki ya tafi da duk danginsa. Kaltum ta leƙa ta ɓular, ta ga Malam zaune shiru, ɗalibai shiru, ba karatu. Gurbin ƙwallon yana nan a rairayi, iska ba ta cike shi ba, kaji ma kewaye shi suke yi. Ran Alhamis ladan ya yi kira, ta miƙe ta yi alwala, ta rasa sunan abin da za ta yi, ta rasa sunan ɗakin da maza ke tafiya.

Ta matsa jikin zana da ƙwallon a hannu. Malam ya ba ta baya, bai juyo ba, ya ce a hankali, "Kaltum, asali ba ya tafiya shi kaɗai. Zo da shi, ki zo da wadda ta sha."

Ta jawo Zainaba, suka durƙusa. Malam ya sa ƙwallon a tafin Zainaba, ya nuna mata gurbin. Tana ajiye shi ta buɗe baki, da wata murya ƙasa-ƙasa kamar daga rijiya, ta ce, "Dafa. Ɗinki. Salla." Kowace ta fito sai Kaltum ta ji ta faɗo mata cikin kai da 'ya'yanta. Sannan Zainaba ta waiwaya, da muryarta ta da, ta ce, "Yaya, ƙishirwa."

Malam ya ce, "Allah ne ya yi. A ba ta ruwa." Ya ɗebi dawa ya ci gaba da karatu.

Motar Bama ta tafi ba Zainaba. Malam bai gaya wa kowa ba, Kaltum ma haka. Sai dai kwana huɗu ƙwallon ya yi a hannunta, kalma uku Zainaba ta mayar, kuma har yau Kaltum takan ji wani gurbi a bakinta kamar na faɗaɗɗen haƙori, ba ta san ko na mene ne ba, tana tsoron tambaya.

Tsarki ya tabbata ga Allah da ke ba bayinsa abin da ya so. Allah ya ja kwanan Malam, ya ba mu albarkarsa, ya rufa asirin wadda ta zura hannu. Amin.