Kowa Ya Yi Gaba

A wani zamani da ya daɗe da shuɗewa, an yi wani sarki a wani birni mai ganuwa, wanda Allah ya hore wa komai ban da faɗin hanya. Hanyoyi biyu ne suka ratsa birnin, suka sa kasuwa a tsakiya, kowacce kuwa in jakuna biyu masu mangala suka haɗu a cikinta sai an yi cacar baki. Wata shekara ayarin gishiri da ayarin fatu suka yi kiciɓis a mafi ƙuncin wurin. Madugan nan biyu kowa ya rantse ba zai ja da baya ba, aka kwana uku raƙuma na kuka, har kayan miya suka gagara shiga gari.

Sarki ya kira Waziri Zubairu, wanda a lokacin yake da jini a jika da dabara a baki, ya ce ya nemo magani. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a raba hanyoyin. Ta gabas ta zama ta masu shiga, ta yamma ta masu fita. Ba juyawa, ba tsayawa. Wanda ya saɓa, a fitar da shi bayan gari shekara guda." Sarki ya yi na'am. Sanƙira ya zaga yana shela, "Sarki ya gaishe ku, ya ce daga yau kowa ya yi gaba!"

Abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Raƙuma suka riƙa wucewa sumul, baƙi suna yaba tsarin. Sai dai mutum ya fito gida, ba abin da zai gani har ya isa inda za shi sai ƙeyar na gabansa. Mai son ɗibar wuta a gidan da ke bayansa sai ya kewaye kasuwa, kafin ya dawo garwashin ya zama toka. Masu rumfuna a bakin hanya suka tattara suka tashi, don ba mai ikon tsayawa ya taya. Gari ya yi tsit, kowa ka gani yana jan ƙafa.

Aka shekara goma sha bakwai a haka. Sarki ya yi furfura, Waziri ya ranƙwafa. Ran nan da hantsi, bayan an saurari ƙara ta tara, duk a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, Sarki ya jingina da bango ya ce, "Waziri, na gaji. A zamanin mahaifina irin wannan ba ta zuwa fada. Me ya sami mutanena, suka daina shiryawa da kansu?" Waziri ya sunkuyar da kai. Ya daɗe da sanin amsar, amma da wuya mutum ya kai ƙarar abin da ya haifa da bakinsa.

Ana cikin haka sai ga dogarai sun shigo da wani tsohon baduku mai suna Cindo, yana dogara sanda, gwiwoyinsa duk sun kumbura. Sarkin Dogarai ya ce an kama shi a hanyar gabas yana tafiya a juye, fuskarsa na kallon masu tahowa.

Sarki ya ce, "Dattijo, ba ka san doka ba?"

Cindo ya durƙusa da ƙyar, ya ce, "Ranka ya daɗe, kaf garin nan ba wanda ya kai ni bin ta. An ce kowa ya yi gaba. To, shekara goma sha ɗaya ke nan ina gaba da ƙanena Barau, uwa ɗaya uba ɗaya. Yau ne kaɗai na saɓa."

Fadawa suka so su yi dariya, suka dubi fuskar Sarki suka haɗiye ta.

Cindo ya ci gaba, "Wata 'yar magana ce ta haɗa mu a wurin suna, wallahi na ma manta wanda ya fara. Da a da ne, gobe mu yi karo a hanya, ido ya ga ido, dole a yi sallama, shi ke nan ta wuce. Amma gidansa na bayan nawa da gida bakwai. Kullum ina gaba yana baya, ba ni da ikon waiwaya. Da asuba aka aiko mini wai ciwo ya ci ƙarfinsa, yana kiran sunana. In na bi ta kasuwa da waɗannan gwiwoyi, sai la'asar. A bar ni in nemi gafararsa, in ya so a kore ni shekara goma."

Sarki ya auna maganar. In ya sake shi, ya karya dokarsa a gaban jama'a. In ya kore shi, ya raba shi da ɗan'uwansa har abada. Ya dubi Waziri.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba a yanke hukunci a kan maganar mutum ɗaya. A je a ga majinyacin. Kuma ina roƙon Sarki ya je da kansa, a ƙasa, ba tambari ba zagi, ta hanyar da doka ta yarda."

Sarki ya san Wazirinsa ba ya magana a banza. Ya tashi, suka fita su uku, dogarai na biye daga nesa. Da lungun fada ya ɓullo da su daidai ƙofar Cindo, tsohon ya nuna bayansa da haɓa, ya ce, "Ga ƙofar Barau can, mai dalbejiya." Da mutum zai ɗaga murya daga nan, da an ji shi a zauren. Sarki ya juya zai nufi can, Waziri ya ce, "Ba juyawa, ranka ya daɗe."

Suka shiga cikin masu tafiya. Ga mata da tulu, ga masu itace, ga malamai, duk a gaban Sarki, ba wanda ya waiwaya. Mutumin da tun yana goye ake zubewa a gaishe shi, yau ya yi taku ɗari uku a tsakiyar talakawansa ko sannu bai samu ba. Cindo kuwa duk taku goma sai ya dafa bango ya numfasa, kowane taku yana ƙara nisanta shi da ƙanensa.

Sarki ya tsaya cak. Ya ce, "Waziri, wane ne wannan na gabana?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Ni ma ƙeya kaɗai na sani." Sai ya ƙara da cewa, "Laifina ne. Na gyara wa raƙuma hanya, na manta mutane ne ke zaune a bakinta. Shekara da shekaru ina jin nauyin faɗa. In akwai wanda ya cancanci bayan gari, ni ne."

Sarki ya ce, "Kai ka kawo, ni na amince. Mu biyu ba mu da ƙarfin zaman bayan gari." Ya kama hannun Cindo, ya juya, ya fuskanci masu tahowa. Na farko da ya ga fuskarsa ya saki damin itace ya zube, na bayansa ma haka, gaisuwa ta riƙa tashi har ƙarshen hanya.

Nan take aka kira sanƙira. Aka yi shela cewa kowace hanya ta koma ta zuwa da dawowa, kowa ya riƙe hannun damansa. Magina su fafe bango duk bayan taku arba'in, inda marar kaya zai raɓe ya ba mai kaya wuri. Madugun da ya ƙi kaucewa, shi za a hukunta, a ƙyale sauran gari.

Su ukun suka isa gidan, suka iske Barau kwance a kan tabarma, idanunsa sun dushe. Cindo ya tsugunna ya yi sallama. Barau ya ƙura masa ido, ya daɗe, ya ce, "Wane ne?"

"Ni ne, Cindo."

"Yayana ba shi da wannan farin gemu. Juya in gani."

Cindo ya juya masa baya. Barau ya miƙa hannu, ya shafa ƙeyar nan da ya shekara goma sha ɗaya yana bi, ya ce, "Kai ne, Yaya. Kullum ina bayanka, sallamar na bakina. Ka yafe mini."

"Na yafe, Barau. Ni ma ka yafe mini."

"Na yafe. To, juyo haka nan. Na gaji da ganin bayanka."

Sarki da Waziri suka fita a hankali, suka bar su. Barau ya cika kafin la'asar, hannunsa cikin na wansa. Da aka ɗauko shi zuwa makwanci, masu tahowa suka yi karo da makarar fuska da fuska, suka tambayi ko wane ne, suka ajiye kayansu, suka juya suka bi.