Bo'az da Kalandar Malama Rifkatu

Akwai wani mai kiwon aladu a Tsibiri, sunansa Bo'az. Aladu arba'in gare shi, amma girman kansa ya fi ƙarfin garken. Abin taƙamarsa wani ƙaton namiji ne da ake zuwa aro don barbara, shi kuwa yana hura hanci kamar shi ya halicce shi.

Maƙwabciyarsa Malama Rifkatu, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, aladunta shida kacal. Amma duk garin da ta ji aladu sun mutu, sai ta buga waya ta tambayi rana, ta rubuta a bayan kalanda. Da ta kai wa likitan dabbobi kalandar a Maraɗi, suka ga wata cuta ce ke bin sawun mazan aladun da ake aro, gari bayan gari.

Bayan sujada a majami'a ta tara masu kiwo, ta ce nan da sati uku cutar za ta iso. Kowa ya kulle garkensa, a daina aron namiji, mai shiga kuma ya taka ruwan jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ƙofa.

Bo'az ya kwashe da dariya. "Malama, duba kika koma yi? Mai aladu shida ce za ta koya mini kiwo?"

Don dai a ga ya isa, a satin ya ba da aron namijin a garin Jiratawa. Wai jinin dabbarsa ya fi ƙarfin cuta. Ji shirme.

Namijin ya dawo ba ya cin abinci, kunnuwansa sun yi jawur. Gogan naka ya ɓoye, ya ce gajiya ce. Kwana goma, arba'in ɗin nan ko ɗaya bai rage ba. Mai hura hanci ya wuni yana haƙa rami, ba mai taya shi, kowa na tsoron kwasar cutar.

Da likita ya ba shi izinin sake kiwo, ya lallaɓo gidan Rifkatu roƙon 'ya'ya biyu na iri. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, ta nuna masa kwanon jabel.

"Taka nan tukuna, Bo'az. Shidan nan nawa suna da rai."

Ya taka, kansa a ƙasa.

Darasi: Idan mai lura ya hango maka masifa, duba hujjarsa, kada ka duba yawan abin hannunsa. Ku tura wa duk mai kiwon da kuka sani, musamman mai taurin kai.