Sunana a Bangon Bastiyano

Jikata Tasalla ce ta fara ba ni wannan labari, ranar da ta dawo daga Italiya, da la'asar ina tsintar shinkafa. Shekara uku ta yi can a wata tsohuwar makarantar koyon zane. Na tambaye ta wane marar aikin yi ne ya kafa makaranta guda don zane kawai. Ta ce maharbi ne.

Tun zamanin da duwatsun ƙasar ke cike da namun daji, shekara ɗari huɗu ko fiye, an yi wani maharbi a ƙauyen makiyaya, sunansa Bastiyano. Ana masa kirari da Baƙin hannu na Otabiya, mai bin sawu a kan dutse. Otabiya uwarsa ce. Baƙin hannun kuwa na gawayi ne, domin ba ya harbin dabba sai ya zana ta tukuna a bangon ɗakinsa, ya san inda ƙashi yake, ya san inda zuciya take.

Wani kyarkeci ya addabi ƙauyen da cin tumaki. Damina uku Bastiyano na bin sa, kullum ya dawo ya ƙara layi ɗaya a bango. An ce zanen ya yi kama da kyarkecin har karnuka ba sa shiga gidan, tumaki in sun zo wucewa sai su watse. Mutane suka fara cewa ana cinye musu dukiya, ɗan Otabiya na wasa da gawayi. Mata suka daina gaishe da Otabiya a bakin rijiya. Wata rana da ya fita, ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe bangon kaf.

Ya dawo ya tarar aikin shekara uku ya tafi. Shafen bai bushe ba, sai ya dama jar ƙasa ya sake zana kyarkecin daga ka a kan ɗanyen bango. Launin ya shige jikin bangon, ruwa ba ya wanke shi. Garin sake zanen ne ya gane abin da ya kuɓuce masa: kyarkecin na ɗingisa ƙafar baya, don haka ba ya hawan tudu, kwazazzabo yake bi. Nan ya tsare shi, kibiya ɗaya ta isa.

Ƙauye ya fito da kiɗa, Otabiya ta kasa fitowa. Kwana bakwai ba ta haɗa ido da ɗanta ba. A na takwas ta ce, "Ɗana, hannun da ya goge, me zai yi?"

Ya ce, "Ya shafa mini sabon bango, Inna."

Har ta mutu ita ke kwaɓa ƙasa, ta shafa masa, ta shafa wa masu koyo a wurinsa. Daga ɗakin nan makarantar ta tashi. Tasalla ta ce tafin hannun tsohuwar na nan a bango. Kuma duk sabon ɗalibi, ranar farko, sai ya rubuta a ƙarƙashin tafin sunan wanda ya fara goge masa zane. Ba a rufe sunan sai mai sunan ya shafa wa ɗalibin sabon bango da hannunsa.

Na ajiye faifan shinkafa. Na tuna lokacin da Tasalla ke da shekara tara, ta zana akuyar maƙwabta a bangon zaurenmu, har da karyayyen ƙahonta. Baƙi za su zo, na ji tsoron bakin mutane. Na sa ruwa da tsintsiya na dirje, na murɗe mata kunne a gaban ƙawayenta. Ban sake ganin gawayi a hannunta a gidana ba.

Na ce, "Ke, sunan wa kika rubuta?"

Ta ce, "Kaka, Turawan nan har sun iya kiran Kulu."

Tana dariya, ni kuwa na kasa ɗaga kai. Tsofai-tsofai da ni, shekara uku sunana, Kulu, na tsaye a bangon ƙasar da ban taɓa takawa ba, kowa ya wuce ya san abin da na yi wa 'yar ɗana.

Washegari bayan sallar asuba na kwaɓa ƙasa da wannan gwiwa tawa mai ciwo, na shafe bangon zaure iya inda hannuna ya kai. Shafen bai yi kyau ba, duk sawun yatsu ne. Ban ko wanke hannu ba na je na buga mata ƙofa.

Na ce, "Tashi, malalaciya, kafin ya bushe."