Zalɓe da Kifin Katako

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To a bar tone-tonen wutar nan. An yi wani masunci, sunansa Barmo, yana zaune inda kogi ke zuba cikin teku. Shi ba ya sa tana a ƙugiya. Ɗan kifi ya sassaƙa da katako, ya manna masa ɓawon dodon koɗi mai ƙyalli. In dare ya yi sai ya jefa, ya riƙa ja a hankali, kifin katako na rawa a hasken wata, na gaske su kai masa cafka.

Akwai alkawari tsakaninsa da Uwar Giwan Ruwa, babbar kifayen wurin. Ta ce, "Manya rabonka ne. Ƙanana ka mayar mini da ransu." Ya ce ya yarda.

Ran nan ya kamo ƙarami. Sai ga Zalɓe, mai dogon wuyan nan, tsaye a cikin ruwa.

"Sannu, sarkin fatsa! Saki za ka yi? Shafa yashi a hannu, kada ya zame maka. Sannan ka wurga shi nesa, ya fi saurin isa gida."

Barmo ya yi haka. Kifi ya faɗi tim, ya juya ciki sama, ruwa ya kai shi bayan ciyawa. Zalɓe ya ce, "Bari in raka shi." Ya raka shi har cikinsa.

Washegari Barmo ya sake kamo ƙarami, Zalɓe ya ce, "Fizge ƙugiyar da ƙarfi, ciwon ya fi gajarta. Bari in raka shi."

Dare na uku ya ce, "Ɗaga shi sama ya sha iska tukuna, ya gaji da ruwa. Bari in raka shi."

Barmo kuwa har godiya yake yi. Mutumin kirki ne, amma kansa kamar kabewa.

Sai Uwar Giwan Ruwa ta taso, ruwa na zuba daga bayanta. Ta ce, "Ɗan Adam, 'ya'yana uku ba su dawo ba. In na rasa na huɗu, za mu yi ƙaura cikin teku. Ƙugiyarka ta ci ciyawa, kai ma ka ci."

Barmo ya koma gida ya kasa cin tuwo. Matarsa Kuluwa ta tsare shi har ya faɗa mata komai.

Ta ce, "Maigida, wannan ɗan rakiyar, ramewa yake ko ƙiba?"

Ya ce, "Ya ɗan yi tumbi kam."

"Tashi mu je."

A bakin ruwa ta ɗauki dutse ta daddanne ƙayar ƙugiya har ta kwanta. Barmo ya jefa, ya ja, ya ja, sai ga ƙarami. Zalɓe ya matso. "Sannu, uwargida! Shafa yashi..."

"Da kai nake?" in ji Kuluwa.

Ta tsoma hannuwanta suka jiƙe. Ba ta fitar da kifin daga ruwa ba. Ta zare ƙugiya a hankali, ta tallafe cikinsa, ta juya kansa wajen da ruwa ke tahowa. Ta jira. Kumatunsa suka buɗe, suka rufe, suka buɗe. Sai ya kaɗa wutsiya, fat, ya watsa mata ruwa a fuska ya tafi.

Barmo ya fashe da dariya. "Ashe ba ya bukatar rakiya!"

Zalɓe ya tsaya da yunwa, yana ta haɗiyar yawu. Can Kuluwa ta juya baya, ta kwance ƙugiya daga kifin katako, ta bar zaren. Ta ɗaga murya: "Wayyo, wannan ya suma! Maigida, wurga shi nesa."

Barmo ya wurga kifin katako. Tim! Ya taso kan ruwa, ciki sama, yana ƙyalli.

"Bari in raka shi!" Zalɓe bai ko duba ba, ya haɗiye. Katako ya tsaya a tsakiyar wuya, ba gaba ba baya.

"Ƙaƙ! Ƙaƙ! Uwargida, taimako!"

"Da yashi kake so, ko in fizge?"

"A hankali! Don Allah, a hankali!"

Ta jiƙa hannu, ta tallafe wuyansa, ta ja zare sannu sannu har katako ya fito. Ta ce, "Kai ma na sake ka da ranka. Je ka, ba rakiya."

Uwar Giwan Ruwa ta taso da ɗanta a gefe, ta yi dariya har jirgin Barmo ya yi rawa. Ta ce, "Mun fasa ƙaura." A daren nan Barmo ya kamo babba, sai da su biyu suka ɗauka.

Shi ya sa har yau wuyan zalɓe yake a lanƙwashe, kuma sai ya daɗe yana ƙura wa kifi ido kafin ya sara. Katako yake tsoro.

Ku kuma ku ji: in za ku saki abu, ku tsaya har ku ga ya tafi da ƙafarsa. Mai cin kifi ba ya koya muku sakin kifi.

Ƙurunƙus, kan ɗan kifin katako. Wanda ya ji ƙashi a wuyansa, ya tashi ya kwanta.