Duron Ranar Juma'a

An yi wani mutum a nan Daura. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da 'ya'ya da jikoki a cikinmu.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana aiki a wani gandun rainon bishiyoyi da ke bayan gari, a zamanin da aka tashi haiƙan wajen dashe don tare hamada. Ya iya aikinsa, ya 'yan uwa, wannan ba mai ƙwace masa. Ya san yadda ake gauraya ƙasa da taki a cusa a leda, ya san irin da ake jiƙawa kafin a shuka. Makullin sito ma a hannunsa yake. Duk mai son darbejiya ko gwaiba a ƙofar gidansa, shi yake nema.

Ana nan sai aka ɗauki wani manomi daga ƙauyen Babban Mutum aiki, sunansa Nu'uman. Mutum ne mai sanyin hali, bai cika magana ba. Amma Allah ya ba shi hannu a auren mangwaro, wato a yanko reshen mai zaƙi a ɗaura shi a jikin ƙaramin tsiro. In Nu'uman ya aura goma, tara sai sun kama. Shi kuwa mutumin namu, in biyar suka kama ya gode Allah.

Mutane suka fara zuwa suna tambaya, “Ina Nu'uman?” Su gaishe da dattijon a tsaye, su wuce.

Me Nu'uman ya rage masa? Albashinsa na nan. Makullinsa na nan. Kullum da safe Nu'uman har ƙasa yake durƙusawa ya ce, “Baba, an tashi lafiya?” Amma wannan gaisuwar ma ji yake kamar ana watsa masa barkono a ido. Ya koma gida, matarsa Barakatu ta kawo tuwo, ya ɗan taɓa ya ture. Ba abin da yake gani sai ganyen Nu'uman, kore shar, yana ƙyalli.

A shekarar ne aka ce za a gyara tsohon lambun shaƙatawa na cikin gari, wanda awaki suka cinye, shingensa ya zube. Malam Ma'aruf, shugaban gandun, ya raba aikin biyu. Itatuwan inuwa da furanni ya bai wa dattijon, sama da leda dubu biyu. Mangwaro ɗari uku ya bai wa Nu'uman, ya ce su za a jera a bakin ƙofa.

Dubu biyu a hannunsa, ya 'yan uwa, amma ɗari ukun nan suka hana shi sakat. A bakin ƙofa! Inda kowa zai fara gani!

Kowannensu yana da duron da yake cikawa da ruwan rijiya da safe, don ban ruwan yamma. Wata ranar Juma'a, da lokacin masallaci ya yi, ya dafe kai ya ce zazzaɓi yake ji, su tafi kawai. Da gandu ya yi tsit, ya buɗe sito, ya ɗauko galan ɗin maganin kashe ciyawa, ya tuttule shi kaf a duron Nu'uman, ya motsa da sanda. Ana can ana huɗuba, shi yana nan yana wannan aiki. Nasa duron ma bai tuna ya cika ba ranar. Ya jefa galan bayan shinge, ya shimfiɗa buhu a gindin tsamiya, ya kwanta yana nishin ƙarya.

Bayan la'asar Nu'uman ya zo ya tsuguna a kansa.

“Sannu, Baba. Jikin ne har yanzu? Na ga duronka a bushe. Kada ka motsa, ni zan yi maka ban ruwa.”

“Bar shi, gobe na yi.”

“Haba Baba, da wannan zafin? Ai kafin gobe sun yi yaushi. Nawa a cike yake, da shukarka zan fara.”

Ya ɗauki butar ban ruwa ya nitsa a cikin duron.

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan. Kalma ɗaya ta ishe shi. Abin da ya kamata shi ne ya ce “tsaya”, ya faɗi abin da ya yi, ya sha kunyar yini ɗaya. Amma ina! Yaya za a yi ya ƙasƙantar da kai a gaban ɗan ƙauyen da ya zo jiya? Yana kwance, idonsa biyu, yana kallon Nu'uman yana bin layi bayan layi, yana yayyafa guba a kan wahalarsa ta wata biyar, har yana yi masa addu'ar samun sauƙi. Sai da duro ya ƙare tas. Sannan Nu'uman ya koma rijiya ya jawo sabon ruwa ya shayar da mangwaronsa.

Kwana uku, shukar dattijon ta ƙone ƙurmus kamar an bi ta da wuta. Mangwaron Nu'uman kaɗan ne suka yi ɗigon rawaya saboda ragowar da ke jikin buta, suka kuma farfaɗo.

Malam Ma'aruf ya shinshina duron, ya zaga ya tsinci galan. Ya tara ma'aikata ya yi tambaya ɗaya: “Makullin sito a hannun wa yake?” Kowa ya juya ya dubi mutum ɗaya.

Aka sallame shi, saura shekara uku ya yi ritaya. Ya gwada kafa ɗan lambunsa, ba wanda ya sayi ko leda ɗaya. Wa zai kai shukar irin wannan hannu gidansa? Masu kiransa ya duba musu bishiya suka daina. Ya daina zama a majalisa, domin da ya iso hira take mutuwa. Hawan jini ya kama shi, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye.

Da ciwo ya yi tsanani, Nu'uman ya zo dubiya. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, “Baba, wallahi ni na yafe maka tun a ranar. Kai ma in na taɓa ɓata maka, ka yafe mini.”

Barakatu tana kuka tana cewa, “Malam, ka amsa masa mana.”

Da hannun da ya rage masa ya ja mayafi, ya juya fuskarsa ga bango. Bai ƙara kwana biyu a duniya ba.

Ya 'yan uwa, mai hassada ba da ɗan uwansa yake faɗa ba, da rabon Allah yake jayayya. Wanda ya ba Nu'uman hannu shi ya ba dattijon nan shekara ashirin da biyu na mutunci, bai gode ba. Hassada ta raba shi da sallar Juma'a, ta ɗaure masa harshe lokacin da gaskiya za ta cece shi, ta kuma toshe masa kunne lokacin da gafara ta biyo shi har ɗaki.

Kowa ya duba zuciyarsa. Wane ne in an yabe shi kake jin ɗaci a maƙogwaro? Yau ɗin nan ka kira sunansa ka yi masa addu'ar ƙari, ko da bakin ya yi nauyi.

Allah ya wanke zukatanmu, ya sa mu gode da rabonmu. Allah ya kiyaye mu da irin wannan ƙarshe. Amin.