Faifan Tasalla da Hayaƙin Safiyar Sanyi

Dalilin da ya sa hayaƙi ke kwantawa a kan birni da safiyar sanyi ya ƙi tashi, har ku tafi makaranta kuna tari, idanunku na ruwa, ba kowa ya jawo shi ba sai ɗan Adam da hannunsa. Ku matso kusa, kuma wanda ya san zai yi dariya ya tashi tun yanzu.

A da can hayaƙi ba ya zama cikin mutane. Da ya fito daga wuta, Iska ke goya shi ta tsallake duwatsu da shi. Sai dai lokacin sanyi Iska ba ta tashi da wuri, sai rana ta ɗumama ƙasa. Kafin nan Sanyi ne ke kwance a kan gari, shi kuwa duk abin da ya samu danne shi yake yi.

Akwai wani gari a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, mutanensa sun san wannan sarai. Saboda haka suka kafa gora a jikin katangar kasuwa, suka ɗaura mata zaren auduga. Ba a hana wutar girki, don ba ta da yawa. Amma babbar wuta, ta maƙera da masu gasa tukwane da masu ƙona shara, ba mai hura ta sai zaren ya motsa. Wata tsohuwa, Iya Dudu, ita ke zama a gindin gorar. In ta ga zare ya kaɗa sai ta buga ƙwarya, gari ya hura wuta.

A garin akwai wata mai ginin tukwane, sunanta Tasalla. Hannunta na da kyau, amma haƙuri bai ishe ta ba. 'Yarta ɗaya ce tal, Hansai, mai shekara bakwai, wadda tun tana goye take fama da fuka.

Wata shekara Iska ta yi kwana huɗu ba ta motsa ba. Tasalla kuwa ta gina randuna goma sha biyu na ɗakin wata amarya, ga su ɗanyu, ga biki ya matso. Sai ta je wajen tsohuwar.

"Iya, ki buga mana ƙwaryar nan. Biki jibi ne, da wane ido zan dubi mutane?"

"'Yar nan, ba ni ke kaɗa zaren ba. Ki ƙara haƙuri."

"Wuta ɗaya ce fa, Iya."

"In na buga, ai ba ke kaɗai za ki ji ba."

Tasalla ta koma gida ranta a ɓace. Ta san idon Iya Dudu ya yi rauni, zaren kawai take iya hange. Washegari da sassafe ta ɗauki faifai, ta zagaya bayan katanga, ta hau, ta yi ta fifita har zaren ya kaɗa. Tsohuwa ta yi hamdala, ta buga ƙwarya da zuciya ɗaya.

Mutanen da suka yi kwana huɗu suna jira, me kuke tsammani? Kowa ya hura tasa a lokaci guda. Hayaƙi ya tashi har tsawon dabino, bai ga mai goya shi ba. Sanyi ya danne shi, ya rufe garin kamar murfin tukunya. Ya bi lungu-lungu, ya shiga ɗakuna, har mutum ba ya ganin ƙofar maƙwabcinsa.

Da Tasalla ta dawo daga wurin gasa randunanta, sai ta tarar da Hansai zaune ta dafa ƙasa, numfashinta na fita da ƙyar.

"Inna, iska," abin da yarinyar ta iya cewa ke nan.

Tasalla ta hau yi mata fifita, amma hayaƙin kawai take korowa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta goya ta, ta fita da gudu ta nufi dutse, don a can sama sarari yake garau. Tana hawa tana kiran sunanta, yarinyar na amsawa. Can ta kira, ba a amsa ba. Ta ci gaba da hawa, don ba ta yarda ta tsaya ta duba ba.

A kan dutsen ta sami Iska tana tashi daga barci.

"Wa ya ce a hura wuta ban tashi ba?" in ji Iska.

"Ni ce," in ji Tasalla. "Da faifai na kaɗa zaren. Ki hura mata, ko sau ɗaya."

Iska ta hura a fuskar Hansai, gashin yarinyar ya motsa, amma ƙirjinta bai motsa ba. Sai Iska ta ce, "Alkawarinmu shi ne ku jira ni. Tunda kun iya yin taku iskar, ba sauran alkawari. In na biyo, zan kwashe abin da zan iya. In ruwan sama ya zo, ya wanke muku saura. Ranar da ba mu zo ba, abin da kuka hura shi za ku shaƙa."

Aka binne Hansai da la'asar. Iya Dudu ta kwance zaren da hannunta, ba ta sake buga ƙwarya ba har ta bar duniya. Randunan kuwa sun gasu lafiya ƙalau, ko ɗaya bai tsage ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai a labarin.

Shi ya sa har yau in an wayi gari da sanyi, ba iska ba ruwa, za ku ga hayaƙi ya yi zamansa a kan rufin gidaje. Yanzu ma wutar ta ƙaru, ga janareto a kowane gida, ga motoci, ga bola ana ƙonawa da tayoyi, kowa na cewa tasa ɗaya ce. Kuma kamar ranar farko, ba wanda ya hura wutar hayaƙin ke fara kamawa ba, sai yaran gidan.